GURASA MAI CIKI: YADDA KAZA ƊAYA KE ISAR GIDA GUDA

  

Tun da littafina na baya ya shiga kasuwa nake ta samun wasiƙu da saƙonni, kuma wani abin dariya, ba duka ne masu tambayar ko yarinyar za ta auri wanda take so ba. Da yawa tambayarsu ita ce, "Anti, wai abincin nan da amarya ta yi wa angonta ranar da ta fara girki, da gaske akwai shi, ko kuwa daɗin bakin marubuta ne?" Wata ƙanwata 'yar aji biyar daga Ƙauran Namoda ma cewa ta yi amaren cikin littattafai kullum a birni suke, ga firji ga gas ga injin markaɗe, alhali su a gidansu murhu ne mai duwatsu uku, lantarki kuwa sai a yi mako ba a ga ƙyallinsa ba. Ta ce to ita ina ta ga ta girkin zamani?

Ƙanwata, ke nake amsa wa yau, da duk mai tunani irin naki. Ni ma 'yar Katuru ce ta ƙasar Shinkafi, a gaban murhun itace na tashi, kuma a kansa na koyi abincin da zan kawo muku. Ba ya son lantarki, ba ya son inji. Turmi, kwalba, kasko da garwashi sun wadatar. Abin da ya fi komai, da shi za ki mayar da kaza ɗaya tal ta ishi gida guda, kowa ya ci ya lashe hannu, har in kin so ki mayar da shi sana'ar da za ta rufa miki asiri.

WACE CE GURASA MAI CIKI?

Kada wata ta yi dariya, sunan da muke kiranta da shi ke nan a gidanmu. Kwaɓin fulawa ne ake murzawa ya yi falan-falan, a zuba masa dakakken naman kaza da aka soya da albasa da kayan ƙamshi, a naɗe, a gasa a kasko da ɗan mai har bayanta ya yi ja, in kin gatsa ki ji ƙaras, cikin kuma da laushi da ɗanɗano.

Ba mu kaɗai muke yinta ba. Duk wadda ta taɓa zuwa Makka ko Jidda ta ga ana sayar da ita a shagunan bakin hanya, can sunanta mutabbaƙ, wato abin da aka ninke. Mutanen Indiya, waɗanda muke kwana kallon finafinansu, suna da tasu mai suna kima parata. Su kuwa Kwara, wato mutanen Labanan, gurasa suke tsagawa su cusa mata nama su gasa, su kira ta arayis. Kun san ma'anar arayis da Larabci? Amare! To kun ji, ashe ba a banza take shiga ɗakin amarya ba. Sambusar da muke ci da azumi ma 'yar ɗakinsu ce, bambancin dai ita sambusa a cikin mai ake tsoma ta, ita kuwa wannan shafa mata man ake yi, don haka ta fi sauƙin kuɗi kuma ba ta gundura.

Ni a wurin gwaggona na same ta, bayan ta dawo daga aikin Hajji. Ta ce tsayawa ta yi a gaban mai shago tana kallon hannunsa, tun yana korarta har ya gaji ya ƙyale ta. Da ta dawo gida ta yi ta gwadawa, ta sa kaza a madadin naman rago, ta sa attaruhu da kimba irin namu, har abin ya zama namu na kanmu.

ALKAMA, ABINCIN MANYA

Kafin mu ɗora tukunya bari mu ɗan san abin da muke taɓawa. Mu a ƙasar Zamfara 'ya'yan gero da dawa ne, tuwo da fura su suka raine mu. Alkama kuwa tun da can abincin sarakuna ce da attajirai, a fadama ake nomanta da rani lokacin sanyi, ana ba ta ruwa da hannu. Larabawan Tarabulus da Gadamas da suka zauna a Kano, a wajen unguwar Dandalin Turawa, su ne suka yaɗa yawancin girke-girken alkama a ƙasar Hausa, kalmar gurasa ma daga Larabci muka aro ta. Har gobe in ana maganar gurasar tanderu, sai a ambaci unguwar Jakara ta Kano.

Da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, alkama na cikin abin da aka yi niyyar nomawa da ruwanta. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje don a dogara da ta gida, amma bayan 'yan shekaru aka janye dokar. Yawancin fulawar da muke saye yanzu da alkamar ƙasashen waje ake yinta, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, sannan aka cire tallafin man fetur darajar naira ta faɗi a 2023, har a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis sai da mudun fulawa ya ji a jikinsa. Na kawo wannan ne don ki san fulawa ba abin wasa ba ce. Ki auna, ki tankaɗe, ko wadda ta zube a faranti ki tattara.

Wata za ta ce me zai hana a yi da garin gero ko na dawa tunda su muke da su? Dalili shi ne alkama tana da wani danƙo a jikinta wanda ke tashi idan ta haɗu da ruwa aka murza ta, shi ke sa kwaɓin ya miƙe kamar roba ba tare da ya yage ba. Gero da dawa da shinkafa ba su da wannan danƙo, in kin murza su sai su farfashe. Idan kina da alkamar gida da aka niƙa, kina iya haɗa ta rabi da rabi da fulawa, sai dai ki ɗan ƙara ruwa domin ta fi shan sa.

ME YA SA KAZA?

Kowa ya san kaza ita ce asusun mace a karkara. Shanu na maigida ne, awaki sai mai hali, amma kaji ko yarinya tana da nata. Da su ake sayen sabulu, da su ake sayen littafin rubutu, da su ake fita kunyar baƙo. Mu mutanen Katuru da Shinkafi da Zurmi ba sai an ba mu labarin abin da shekarun nan suka zo mana da shi ba. Garken shanu nawa aka kora daji, gonaki nawa aka bari ba shuka? A watan Satumba na 2021 har kasuwannin mako aka rufe a Zamfara, aka katse layukan waya. A gidaje da yawa abin da ya rage a tsakar gida yana yawo shi ne kaji. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan musiba, amin.

To a irin wannan hali, in an yanka kaza a gida mai mutum goma sha biyar, ke ma kin san yadda rabon yake. Cinya da ƙirji na maigida da baƙonsa, iyaye mata su sami fiffike, yara kuwa ƙafa da wuya da kai, wani ma sai romo, a tashi ana kuka ana harara. Amma in kika zare tsokar kika daka, kika haɗa ta da albasa da dankali da kabeji, kazar nan guda za ta cika gurasa kamar 18. Kowa ya sami tasa cikakkiya, babu mai cinya babu mai ƙafa. Ga romon kuma da ƙasusuwa sun rage na miyar dare. Gwaggona takan ce da bakinta na Zamfarci, "Ɗiyata, kazag ga guda ɗai ta, amma hannun mace shi ka maishe ta goma."

KAYAN HAƊI

Na kwaɓi:
Fulawa, gwangwanin madara 6
Ruwa mai ɗumi, gwangwani 2
Man gyaɗa, babban cokali 3
Gishiri, ƙaramin cokali 1
Sukari, ƙaramin cokali 1

Na ciki:
Kaza 1, matsakaiciya
Albasa manya 3
Dankalin Turawa 3
Kabeji, kwata
Karas 2, in akwai
Attaruhu 3, tattasai 2
Tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari da kimba kaɗan
Kori, magi da gishiri
Ganyen albasa
Ƙwai 2, in da hali
Man gyaɗa na suya, kamar gwangwani 1

An ce ido ba mudu ba ya san kima, gaskiya ne, amma wannan idon na wadda ta daɗe a gaban murhu ne. Ke mai koyo ki riƙe gwangwaninki. Idan babu dankalin Turawa, na Hausa ma yana yi, sai dai zai ɗan kawo zaƙi. Da damina in zabi sun yi araha, zabuwa ma tana shiga, wasu har sun fi sonta.

KWAƁI

Da kwaɓi za ki fara saboda yana bukatar hutu. Ki tankaɗe fulawarki a roba mai faɗi, ki zuba gishiri da sukari da mai, ki murtsuke da yatsu har man ya ɓace a cikinta. Sai ki riƙa zuba ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan kina haɗawa. Kada ki juye shi gaba ɗaya, domin wata fulawar ta fi wata shan ruwa. Idan ya haɗu sai ki murza da gindin tafin hannu, ki tura, ki ninko, ki sake turawa, kamar minti 10, har ya yi santsi ya daina kama hannu. Alamar ya yi ita ce ki danna shi da yatsa ki ga ramin yana tasowa a hankali, laushinsa kuma kamar fatar kunnenki.

Sai ki cuccura shi kamar girman ƙwan kaza, za ki samu kamar 18. Ki shafa wa kowanne ɗan mai, ki jera a tire, ki rufe da tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, ki bar shi ya huta rabin awa ko fiye. Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Kwaɓin da bai huta ba in kin murza shi sai ya tsuke ya dawo, ki yi ta kokawa da shi kina tsaki. "Hulawa ba ta son hushi," in ji gwaggo. Bar shi ya huce, zai bi ki duk inda kika ja shi.

HAƊIN CIKI

Kazar gida tana da tauri, don haka dafa ta za ki fara yi. Bayan an yanka an fige kin gyara ta kin wanke tas, sai ki zuba a tukunya da albasa ɗaya, citta, tafarnuwa, gishiri da magi, ruwa daidai kanta, ki dafa har tsoka ta fara sakin ƙashi. Ki tsame ta ta sha iska, ki zare tsokar duka, har ta wuya da ta baya, ki kula sosai da ƙananan ƙasusuwa saboda yara. Sai ki zuba a turmi mai tsabta ki daka sama-sama kamar za ki yi dambun nama, amma kada ki bari ya zama gari, ana so a riƙa jin nama a baki. Idan kazar gidan gona ce mai laushi, kina iya yanke tsokarta ɗanya ki daddatsa da wuƙa ƙanana-ƙanana, ki soya har sai ja ya ɓace a cikinta gaba ɗaya.

Dankalin ki fere ki yanka ƙanana kamar ƙwayar masara, ki dafa a cikin romon kazar don ya ɗauki ɗanɗano, ki tsane shi. Ki jajjaga attaruhu da tattasai da tafarnuwa, ki daka masoro da kanumfari da kimba. Kanumfari ƙwaya uku ya isa, kimba ma rabin sanda, in sun yi yawa ɗaci suke kawowa.

Ki ɗora kasko da mai cokali 3, ki soya albasa har ta yi laushi ta fara ƙamshi, ki zuba jajjage ki soya har ruwansa ya ƙone. Sai nama ya shiga da kayan ƙamshi da kori, ki juya, ki ɗan yayyafa romo ludayi ɗaya don kada ya bushe ƙayau. Ki kawo karas da kabeji da dankali ki zuba, minti 3 ya ishe su. Ki ɗanɗana, ki gyara gishiri, ya zama ya ɗan fito fiye da na miya tunda kwaɓin zai shanye wani. In kina da ƙwai ki fasa a kai ki juya har ya dahu, shi ke riƙe haɗin kada ya riƙa zubewa. Ganyen albasa shi ne ƙarshe, bayan kin sauke.

Yanzu ki buɗe kunne, ga dokoki biyu: haɗin nan ya tsane, kuma ya huce. In da ruwa a jikinsa zai jiƙa kwaɓin, in da zafi zai huda shi. Ki baza shi a faranti ya sha iska kafin ki taɓa kwaɓinki.

NAƊI IRI UKU

Ki sami tire ko katako mai santsi ki shafa masa ɗan mai. In babu abin murji, kwalbar lemo da aka wanke aka cire takardarta ta isa.

Na farko shi ne naɗin wasiƙa, irin na mutanen Makka. Ki murza curi ɗaya ya yi faɗin faranti, ya yi siriri har ki riƙa hango inuwar yatsanki ta bayansa. Ki zuba haɗi cokali 2 a tsakiya ki baza shi ya yi kusurwa huɗu, ki ninko gefen dama, ki ninko na hagu, sai sama, sai ƙasa, ki danne bakin da ɗan ruwa a yatsa. Duk wadda ta taɓa naɗe wasiƙa ta ɓoye a littafin lissafi ba sai an koya mata wannan ba, ko ba haka ba 'yan mata? Wannan naɗin shi ya fi ƙaras-ƙaras.

Na biyu irin na Indiya. Ki buɗe curin a tafin hannu kamar ƙoƙo, ki zuba haɗi, ki tattaro bakin ki murɗe kamar ƙullin gyaɗa, ki kifa shi, ki danna da hannu, sannan ki murza a hankali har ya yi faɗin tafin hannu biyu. Wannan ya fi laushi, tsofaffi sun fi sonsa.

Na uku na ranar da baƙi suka yi miki dirar mikiya. Ki sayi gurasar tanderu, ki tsaga ta gefe, ki cusa haɗi, ki shafa mai ciki da waje, ki gasa a kan waya bisa garwashi. Amaren Kwara ke nan, kafin a gama gaisawa kin shigo da faranti.

SUYA

Kasko mai faɗi mai kauri ya fi, domin mai sirara yana ƙona waje ya bar ciki ɗanye. Wuta matsakaiciya ake so. In itace ne, ki bari harshen wuta ya faɗi ki yi aiki da garwashi. Ki gwada zafin kaskon da ɗigon ruwa, in ya yi cuu ya ƙafe nan take to ya yi. Ki zuba mai cokali 1, ki sa gurasar ta gefen da bakin naɗin yake don ya fara kamewa. Ki ba ta minti 3 zuwa 4, ki shafa mai a samanta, ki juya, ki riƙa ɗan danna ta da bayan cokali don ko'ina ya taɓa kasko. Idan ta yi ja kamar bayan ƙosai, kika ƙwanƙwasa da cokali kika ji tana amsawa, ta yi.

Da kin kwashe, kada ki jibga su a kwano ki rufe. Tururi shi ne babban maƙiyin ƙaras-ƙaras, cikin minti biyar zai mayar miki da su laɓo-laɓo. Ki jingina su a tsaye cikin kwando ko matsami su sha iska. Ga kuma wani sirri da na ba ku kyauta: cikin gwangwani 6 na fulawa, ki cire rabin gwangwani ki mayar da garin shinkafa mai laushi. Tunda shinkafa ba ta da danƙo, tana sa bayan ya bushe ya yi ƙamas, ya daɗe bai saki ba.

In ta fashe a kasko, haɗin ya yi yawa ko bai huce ba. In ta yi tauri kamar fata, ruwan kwaɓi ya yi kaɗan ko wuta ta yi sanyi har ta daɗe tana bushewa. In ta sha mai, kaskon bai yi zafi ba kika sa ta. In waje ya ƙone ninkin ciki da sauran ɗanye, wuta ta yi yawa ko murjin ya yi kauri. Ta farko da ta biyu dama sukan zo a karkace, waɗannan na mai girki ne, ki cinye abinki a bakin murhu.

Sai ki yanka ta gida biyu ko huɗu yadda cikin zai fito a gani, ki jera a faranti, gefe yajin ƙuli, gefe yankakken tumatir da albasa da aka matsa wa lemun tsami. Da safe ta tafi da shayi ko kunun gyaɗa, da rana zoɓo ko kunun aya, da azumi kuwa ba a magana.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ɗanyen naman kaza yakan ɗauki ƙwayoyin cuta masu sa amai da gudawa da zazzaɓi. Wuƙa da farantin da kika gyara ɗanyar kaza da su, kada su taɓa tumatir ko kabeji sai kin wanke da sabulu, hannunki ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a waje ba a kan wuta ba, ba kuma a cikin sanyi ba, balle a zafin Shinkafi na watan Afrilu. Tunda ba mu da firji, ki yi daidai wanda za a cinye ko a sayar a ranar. Wadda ta huce ki mayar da ita kasko ta yi zafi har ciki kafin a ci.

Abu na biyu, idan hunturu ya kama annoba takan shiga kaji, sai ki ga ana rige-rigen yanka masu layi kafin su mutu. Don Allah kazar da ba ta da lafiya kada ta shiga tukunyarki, balle ki sayar wa 'ya'yan mutane. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a 2006 ma'aikatan lafiya ke gargaɗi a kan haka. Sannan in za ki tsaya gaban wuta ki ɗaure mayafinki ko ki cire dogon hijabi, ki kuma kori ƙannenki daga wajen kasko.

SANA'A SA'A

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai. Sau nawa muka ga yarinya mai ƙoƙari ta bar makaranta saboda kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO? Sau nawa muka ga an ɗora wa yarinya tire tana yawo tasha-tasha har bayan magariba, a wannan zamani da babba ma yake tsoron hanya? Kuma sau nawa yarinya ta karɓi kuɗin wani saurayi don sabulu da man shafawa, daga baya ya riƙa yi mata gadara kamar ya saye ta? Duk mai kuɗin sabulunta a hannunta, ita ke zaɓen wanda za ta saurara a zaure.

Wannan sana'a ce ta cikin gida. Ki fara da yi wa 'yan gidanku, ki aika wa maƙwabta ɗanɗano, ki kai wa malamarki biyu a leda mai tsabta. Baki shi zai yi miki talla. Masu biki da suna da walimar sauka za su fara aiko miki, da azumi kuwa sai kin rasa hannu. Ku na Ƙauran Namoda ga ɗalibai da ma'aikatan kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a kusa da ku, mutane ne masu son abin taɓawa da yamma.

Amma ki yi da lissafi. Ki sami littafi ki rubuta kuɗin komai, kaza, fulawa, mai, albasa, har itace da leda. Ko kazar taki ce ki yi mata kuɗi kamar saye kika yi. Ki raba jimlar da yawan gurasar da kika samu, sannan ki ɗora ribarki. Uwar kuɗi daban, riba daban, kada ki taɓa uwar ko da ankon biki ya fito. Bashi kuwa an ce hanji ne yana cikin kowa, amma ƙaramin jari ba ya ɗaukarsa, ki iya cewa a'a da murmushi. Ribar farko ki sayi 'yar budurwar kaza. Kwana 21 take yi a kan ƙwai ta ƙyanƙyashe, in kin yi musu rigakafi kafin hunturu kin kuma kare su daga shirwa, cikin 'yan watanni kin daina sayen nama. Zakaru za ki riƙa yankawa, ki bar matan su yi ta haihuwa. Kada kuma tausayi ya kama ki, ai sabo da kaza ba ya hana yanka.

Sharaɗina ɗaya ne: da iznin iyaye, kuma ranar Asabar da Lahadi ko lokacin hutu. Kasko ya bi bayan littafi, kada ya shiga gabansa.

Ku kuma amare masu tambayar ko wannan ce za ta sa ango ya manta hanyar waje, to girki mai daɗi yana da nasa matsayi a gidan aure, babu musu. Amma haƙuri da tsabta da iya magana su ne uwar tafiya, kuma shi ma angon da nasa kason na kyautatawa. In ya ci ya yaba, ki tuna masa ranar Alhamis ya shigo da wata kazar.

Nan zan dakata. Duk wadda ta gwada ta rubuto mini yadda ta kaya, ko ta yi kyau ko ta fashe, za mu gyara tare. A fito na gaba in Allah ya kai mu za mu shiga alkaki da nakiya, saboda masu shirin gara. Ina miƙa gaisuwa ga ɗaukacin 'yan matan Katuru, Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda, Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya ba kowacce miji nagari da sana'a mai albarka.

Ku huta lafiya. Taku ce har kullum.